Mai Tallan Lemun Tsami a Wayar Kaka

A gidanmu na New Bell, idan ka yi atishawa a ɗaki, daga gida na uku ake yi maka addu'a. Bangon katako ne, tagogi suna kallon juna, sannan kuma muna da Kaka. Kaka ita ce mahaifiyar Babana. Tun ranar da ta koyi danna wurin aika murya a waya, babu abin da ya ƙara faruwa a layinmu wanda dangin Garwa da Kano ba su ji ba kafin la'asar. Ranar da akuyar maƙwabta ta cinye mini littafin lissafi, wata goggo da ban taɓa gani ba ta kira daga Ngaundare tana yi mini jaje.

Babana a ofis yake aiki a Akwa, kuma yana son tsari fiye da yadda yake son nama. Da ya gaji da jin "na manta lambar sirrina", sai ya tara wayoyin gidan kaf ya buɗe mana akawun guda ɗaya. "Un seul compte," in ji shi, yana ɗaga yatsa. Kalmar sirrin kuwa sunan marigayi kakanmu ce. Kaka ba ta faɗin sunan saboda na mijinta ne, Umma ba ta faɗa saboda na surukinta ne. Baba ya ce tsaron ke nan, ko kama su aka yi ba za su furta ba. Ya manta cewa da sunan ake kwatancen gidanmu. Duk ɗan bensikin da ke New Bell ya san shi, shi kake faɗa ya kawo ka ƙofa a kan babur.

Matar yayana, wadda nake kira Anti, ita ma an sa wayarta a ciki. Anti mai dariya ce, har sai da ta yi ɓari sau biyu. A wurinmu ba a zancen ciki, kowa gani yake yi ya kawar da kai har a sauka lafiya. Kaka ta san haka sarai, amma a cikin farko, murna ta fi ƙarfinta, ta danna ta aika wa duniya. Da cikin ya zube, labari na biyu bai yi saurin na farko ba. An daɗe ana kiran Anti daga nesa ana tambayarta yaya nauyin jiki, ita kuma tana maimaita amsa ɗaya da bakinta. Na sha ganin ta kife wayar a tabarma ta ci gaba da tsintar shinkafa, ba ta ɗago kai ba. A na biyun ma haka aka yi.

Wata safiya cikin damina, ruwa ya cika kwata har takalmana suna shirin tafiya teku, Kaka ta ƙwala mini kira.

"Ke uwar surutu, zo ki karanta mini wannan. Wani ne ya turo mini lemun tsami."

Na karɓa. Hoton lemun tsami ne kuwa, da rubutun Faransanci a ƙasa yana cewa a wannan makon jaririnki ya kai girman lemun tsami. Na dubi Kaka da haƙoranta da ba su cika hannu ɗaya ba, na ce a raina ba ita ba ce. Wayar Umma ta faɗa cikin baho tun bara, sai amsa kira kawai. Tawa tana kulle a akwatin Baba saboda sakamakon jarrabawata, shi kuma da ta ofis yake yawo. Saura ɗakin yayana.

"Talla ne, Kaka. Mai sayar da lemun tsami ne."

"A ina ya samu lambata?"

"Haka suke yi yanzu."

"Ki ce masa muna da shi a gida."

Ni da aka sani da cewa magana ba ta daɗewa a bakina, ranar sai da na riƙe ta gam. Na zaci abin zai tsaya. Bayan ɗan lokaci sai ga hoton piya. Kaka ta ce mutumin nan ba shi da kunya, ba a saya ba yana ƙaro kaya. Na ga idan aka ci gaba a haka, wata rana ɗan maƙwabta za ta miƙa wa wayar, shi kuwa ya fi ni iya Faransanci, ya kuma fi ni baki.

Na tarar da Anti a kicin tana soya ayaba. Na tsuguna kusa da ita na ce, "Anti, ina gaisuwa. Yaya piya?"

"Wace piya kuma, ƙanwar miji?"

Na faɗa mata. Cokalin ya tsaya a cikin mai. Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba, sai na ji wasan ya fita daga raina. Ta ce manhaja ce ta sauke don ta riƙa lissafa mata makonni, saboda tana tsoron tambayar kowa. Manhajar ta yi mata tambayoyi ta amsa duka: nauyinta, shekarunta, har da ɓarin da ta yi a baya. Ta ce, "Na ga ba mutum ba ne, shi ya sa na faɗa mata." Daga ita sai yayana suka sani. Ko mahaifiyarta da ke Bonaberi ba ta gaya wa ba.

Sai ta dafe ƙirji. "Hoton asibiti! Na ɗauke shi da waya."

Muka jira Kaka ta shiga wanka. Na lallaɓa na ɗauko wayarta daga ƙarƙashin matashi. Hoton yana nan, baƙi da fari, zaune tsakanin hotunan goshin Kaka da na babban yatsanta. Na goge shi. Muka buɗe wa Anti nata akawun ita kaɗai, ta zaɓi kalmar sirri ta juya mini baya tana rubutawa, na ce madalla, haka ake yi. Muka cire manhajar, muka hana saƙonnin zuwa. Abin da ta riga ta rubuta a ciki kuwa, ban san inda ya tafi ba. Har yau ina tunanin akwai wata na'ura a wata ƙasa mai sanyi da ta san abin da Anti ta kasa gaya wa uwar da ta haife ta.

Na'urar ba ta haƙura ba. Duk wa'azin da Kaka ta buɗe a waya, kafin malam ya yi bismilla sai tallan bulumboti da kayan jarirai ya faɗo.

Kaka ta sake kirana, amma wannan karon a hankali, abin da ya fi ihunta ban tsoro. Ta ce in tura ƙofa.

"Mai lemun tsaminki ya sauya sana'a."

Na fara haɗa wata ƙaryar, ta ɗaga mini hannu.

"Baƙin hoton da kika goge, na gan shi tun kafin ki goge. Irinsa uwarki ta kawo lokacin da take ɗauke da ke, da ƙaton kan nan naki."

Na matso kusa da ita. "Kaka, kin aika wa wani?"

"Tun shekaranjiya yatsana yake ƙaiƙayi." Ta juya wayar a hannu. "Sau biyu na sa yarinyar nan amsa gaisuwar da ba ta nema ba. Bakina zan iya riƙe shi. Wannan abin ne ban yarda da shi ba, ina jin daɗi sai in ga na danna."

Ta sa na hau kujera na sauko da babbar kwallarta daga saman kabad. Ta naɗe wayar a ɗankwali, ta sa a ciki, ta rufe, na mayar. Sannan ta tambaye ni, ba ta kalle ni ba, wane ɗan itace ne ke bin bayan piya. Na ce ban sani ba, mun kori mai tallan. Ta ce ba komai, ita ma ta san hanyar kasuwa.

Daga nan duk Juma'a sai a ga ɗan itace a faranti a ƙofar ɗakin Anti. Mangwaro ya zo, gwanda ta biyo, abarba ta daɗe tana zuwa. Kaka ba ta taɓa cewa ita ta ajiye ba, Anti ba ta taɓa tambaya ba, sai dai ta wanke farantin ta mayar ɗakin Kaka da kanta. A can arewa kuwa hankalin dangi ya tashi. Shirun ya yi yawa, har wani kawu ya kira Baba yana tambaya ko an yi rashi ne aka ɓoye musu. Baba ya ce wayarta ce ta samu matsala. Shi ma na lura ya daina yi mana wa'azin akawun ɗaya.

Kankana ce ta ƙarshe, mai girman da sai da ɗan bensikin ya rungumo ta har tsakar gida. Ba mu gama shanye ta ba aka tafi asibiti. Mace aka samu, mai ƙarar murya kamar wadda aka ba ta gadon Kaka tun a ciki.

Ranar da suka dawo gida, Anti ce da kanta ta ce in sauko da kwallar. Na sa wayar a caji, na kai wa Kaka a ɗakin mai jego. Ta riƙe ta, ta kai yatsanta saman wurin dannawa, ta dubi Anti.

"In faɗa?"

Anti ta gyara wa jaririyar zani, ta yi murmushi. "Faɗa, Hajiya."

Saƙon da Kaka ta aika ranar, na rantse sai da wayar ta yi zafi ta mutu kafin ta gama gaishe da mutanen Garwa.