Wasiƙar Katin Taki

Shekarar da ake raba mana takin zamani da kati a Tsiga, wani mutum ya kawo wasiƙa, bugun tafireta, har da hatimi. Wai daga ofishin gona na Funtuwa, kowa ya ba da katinsa a sabunta. Ni ne mai karatu a unguwarmu. Na karanta, na tattara katunan, na miƙa masa.

Gwaggona kaɗai ta hana nata. Ta ce, "Kai ɗan boko, ni ban san shi ba. Wanda ya ba ni, shi zai karɓa!"

Ranar rabo muka tarar an yi amfani da katunanmu an kwashe buhunanmu. Har yau ina jin kunyar abin. Buhunta biyu muka raba mu tara da gwangwani, tana aunawa tana yi mini dariya.