Kowa Ya Buga Kik Ɗinsa

Shekarar da na kama shaƙƙa, wato gidan haya a bene, a unguwar Abbasiya ta Alƙahira, dattijon da ke zaune a hawan ƙasa ya tare ni a bakin bene, ya ce in zo in taya shi fito da motarsa. Da Hausa ya yi maganar, irin ta mutanen Sudan waɗanda kakanninsu suka taso aikin hajji suka yada zango a hanya. Na bi shi ina waige-waigen mota. Ƙarƙashin bene ya nuna mini, wurin da ko akuya sai ta matse. Ya yaye wani bargo, sai ga babur, baƙi, tsoho tukuf, an goge shi yana sheƙi.

Na ce, ai Baba wannan babur ne. Ya yi dariya har da tari. Ashe a Sudan "motar" suke ce masa, babur kuwa a bakin Misrawa risho ne na dafa shayi. Ya ja mini kunne kada in faɗi kalmar a gaban abokansa. Ranar farko na faɗa, kuma tun daga ranar sunana ya koma mai risho.

Na yi acaɓa a Kano kafin karatu ya kawo ni Masar ina da furfura, don haka hannuna ya san abin. Shi ya sa Baba ya riƙa ɗaukata zuwa taronsu. Duk Juma'a bayan Asuba, lokacin da titunan Alƙahira ke fayau, tsofaffin mahaya suna haɗuwa a wata ƙahwa, wato gidan shan shayi, a unguwar Dokki. Su sha shayi, su kama hanyar sahara zuwa Fayyum, su yi Juma'a a can, su ci kifi su dawo. Baba ya ce a da layin cika yake, har mai ƙahwa ya aro kujeru a maƙwabta. Ni dai 'yan tsiraru na tarar. Wani ya rasu, wani ido ya hana shi, wani 'ya'yansa sun ɓoye makulli. Samari suna da babura, amma da akwati a baya suna kai wa mutane abinci, kuma Juma'a ce ranar kasuwarsu.

Doka ɗaya suke da ita. In an gama shayi, kowa ya buga kik ɗinsa da ƙafarsa. Ba turi, ba a buga wa wani. Wanda nasa ya ƙi tashi ya koma gida, wai domin hanyar sahara ba ta da mai taimako. Ni na ga tsabar taurin kai ne, tunda masu sitata sun cika kasuwa, ka danna da ɗan yatsa ka wuce. Na faɗa musu haka, suka dube ni kamar na zagi iyayensu.

To, gwiwar Baba ta dama ta fara gardama. A gida ni nake buga masa kik, ya ja mu har Dokki ina baya. Amma a ƙahwa dole a kashe, kuma dole shi zai tayar. Da farko yana samu a bugu na biyu ko na uku. Daga baya sai ya hau da dukan nauyinsa, ya sauko yana cije baki. Bai taɓa yin zancen ba, ni ma ban tayar ba. Abin da na sani shi ne duk sauran kwanakin mako jiran Juma'ar nan yake yi.

Wata Juma'a cikin sanyi abin ya ƙi. Ya buga, ya buga, ƙafar ba ta kai ƙasa da ƙarfi. Sauran sun riga sun tayar, suna zaune kan nasu, kowa ya sami abin kallo a wani gefen. Ƙafata har ƙaiƙayi take, bugu ɗaya zan yi. Sai babbansu, wani Bamisre da ya yi ritaya daga tuƙin jirgin ƙasa, ya ɗaga kai ya ce hadari ya haɗo, khalas, yau ba tafiya. Na duba sama, tas take. Suka kashe, aka sake kawo shayi.

Juma'ar da ta biyo, da na Baba ya sake ƙin tashi, babban nasu ya ce ya ji ana gyaran hanya. Ta gaba kuma cikinsa ne ba daɗi. Wallahi ƙaryar ba ta da ko fasali, kuma ta ba ni tausayi. Baba yana jin su, yana juya cokali a kofi.

Juma'a ta sake zagayowa, ban ji ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Na sauko na same shi kan kujera 'yar tsugune a ƙarƙashin bene, da jallabiyar gida. Ya ce in shiga jirgin metro in je in gano masa ko sun tafi, kuma kada in bari su gan ni. Na je. Mai ƙahwa ya ce sun jira har shayinsu ya huce, sannan suka tayar suka wuce.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin abin da zan ce masa. Na tarar ya yaye bargon, ya ɗora tiren shayi a kan sit ɗin babur ɗin, buta da kofi biyu.

"Sun tafi?"

"Sun tafi, Baba."

"Tamam," ya ce. "Da ma kifin Fayyum ba ya jira."

Ya zuba mini, ya zuba wa kansa, ya gyara zaman butar a kan sit ɗin don kada ta zame.

"Kai ka faɗi daidai tun farko, mai risho," ya ce. "Babur ne."