Wayar da Yayana Ya Aiko Daga Abijan

Lokacin ina da shekara goma sha tara, na gama kwaleji a Tamaske, kuma ni kaɗai ce mace mai karanta Faransanci a layinmu. Ina ji da kaina ƙwarai. Yayana da ke ci-rani a Abijan ya aiko da tsohuwar wayarsa, ya ce mu riƙa amfani da ita ni da matarsa, wadda ya baro gida shekara biyu. Ban goge komai ba, ban ma san akwai abin gogewa ba. Komai ya taso sai in tambayi waya: ciwon kai, tsutsar hatsi, zawon yara. Har mata suka rage zuwa likita, suna biyowa ta ɗakina.

Wata rana maƙwabciyarmu, mai ɗiya bakwai, ta ja ni bayan rumbu. Ta ce jikinta ya gaji, tana son sanin allurar hutun haihuwa, amma mijinta ba ya son jin zancen. Na ce ta je wurin ungozomar gidan likita mana. Ta ce can idanu sun yi yawa, waya kuwa ba ta da baki. Ta sa na rantse. Na bincika, na karanta mata, na manta da batun.

Ashe wayar tana kan sunan yayana har yanzu, duk abin da na rubuta yana fitowa a sabuwar wayarsa. Bai tambayi kowa ba. Ya kira babanmu, ya ce me matar da mijinta ya yi shekara biyu a waje za ta yi da allura. Kafin la'asar an ce matar yayana ta tattara kayanta ta koma gidansu. Ba ta ko iya karatu ba, tana ta tambayar me ta yi.

Ni ba ni da haƙuri. Na tsaya tsakar gida, gaban kowa, na faɗi wadda ta aike ni. Da na ja babanmu gefe, wataƙila da abin ya tsaya nan. Matar yayana ta zauna, amma har yau ba ta taɓa wayar. Maƙwabciyar kuwa mijinta ya kore ta, ta yi wata huɗu a gidan iyayenta kafin a yi biko. Da na je ba ta haƙuri, ba ta zage ni ba. Ta ce ita ce ta ce waya ba ta da baki, ta manta mai riƙe da ita tana da shi.

'Yan'uwana mata, wayar da aka ba ku, ku fara sanin sunan wa take ɗauke da shi. Sirrin da aka ba ku amana kuma, kada ku rubuta shi inda ba ku san mai karantawa ba. Ni yanzu mace ta zo da tambaya, gyalena nake ɗauka in raka ta likita.