Matar Karkataccen Bene

Abu na farko da surukarta ta koya mata, ranar da ta tare, shi ne cusa guntun katako ƙarƙashin ƙafar risho, don kada miya ta taru a gefe guda na tukunya. Benen ya karkace tun zamanin kakan mijinta. Ƙasa ce ta lotsa ta gefen titi, ginin ya sunkuya kamar tsoho mai neman allurar da ta faɗi, ya kuma tsaya a haka. Rashin faɗuwar nan shi ne sana'ar gidan.

Motocin baƙi kan tsaya a ƙofa da hantsi. Mijinta, wanda kowa ke kira Jagora, yakan tarbe su da fara'a, ya nuna musu inda za su tsaya su ɗaga hannu a ɗauke su hoto kamar su ne ke tallafe da ginin. Daga nan ya hau da su falon sama, ya ajiye lemo a ƙasa ya sake shi. Lemon ya gangara shi kaɗai har kusurwa, baƙi su yi ta tafi. Ita kuwa Matar Bene, sunan da unguwa ta laƙaba mata, aikinta shara da goge madubi da ɓoye shanya kafin su iso. Matan maƙwabta na tsokanarta cewa ko a kasuwa a karkace take tafiya, ta yi dariya ta ce ai kowa da irin gidan mijinsa.

Ta daɗe da daina wannan dariyar. Ita ke sharar gidan, saboda haka ita ta fara ganin garin siminti a bakin bango kowace safiya. Tsagar da ke ɗakin 'yarta Auta, wadda a da ko tsinke ba ya shiga, yanzu tana cinye yatsa. Lemon ma ya daina gangarawa a hankali, gudu yake yi. Da ta gaya wa Jagora, sai ya ce baƙi sun fi son hakan.

Ta faki idonsa ta kira wani magini. Mutumin ya zagaya, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya ƙi hawa sama. Ya ce in ba a tokare ginin da ƙarafa ba, shi dai ba zai bar ko akuyarsa ta kwana a ciki da daminar nan ba. Jagora ya ji labari ya ce haka wani magini ya gaya wa mahaifinsa, ga maginin a kabari, ga bene a tsaye.

“In kika tokare shi, me za su zo gani?” ya tambaye ta. “Gida mai sanda? Da me zan ciyar da ku?”

Ta san ba mugunta ce ke cinsa ba. Bai iya komai ba sai wannan. Ta je wurin Inna, surukarta, wadda ƙafa ta kwantar a ɗakin sama, ta durƙusa ta roƙe ta ta sa baki. Tsohuwar ta ce a ɗakin nan ta haifi ɗanta, daga nan kuma za a fitar da ita.

“Ke ma kin sha ruwan gidan nan kin ƙoshi, 'yar nan. Yau kika san a karkace yake?”

Ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Washegari baƙi suka cika falo, ana cikin tafi sai aka ji Auta tana bugun ƙofar ɗakinta daga ciki. Ƙofar ta cije. Jagora ya sa kafaɗa, ko gezau. Ya juyo yana murmushin dole, ya ce wa baƙi wannan ma yana cikin abubuwan mamakin gidan, yakan rufe wanda yake so. Suka kwashe da dariya, wasu suka ɗaga waya. Matar Bene tana jin ƙasa na zubowa a bayan ƙofar, yarinyar tana kiran Umma tana tari.

Ta sauka da gudu ta ɗauko gatari. Ba ta ce wa kowa ya matsa ba, su suka dare da kansu. Ta yi ta sara har katakon ya tsage, ta zura hannu ta jawo 'yarta, kan yarinyar fari fat da ƙura. Wata baƙuwa ta tambayi Jagora ko kullum ake yin wannan ɓangaren.

Kafin la'asar ta ɗaure kayan Auta a zani, ta kai ta gidan yayarta a can ƙarshen gari, inda aka shimfiɗa musu tabarma a ɗakin ajiya. Jagora ya biyo su har bakin titi yana cewa ta tona masa asiri a gaban mutane. Ta ce ya kawo Inna, za ta goya ta da kanta. Ya sunkuyar da kai, ya ce ai ta san Inna.

Yarinyar ta tsira. Amma tsohuwar ba ta yarda kowa ya yi mata wanka ko ya juya ta sai matar ɗanta. Don haka kowace safiya Matar Bene takan bar Auta tana barci, ta hau mota ta dawo. Takan tsaya a gindin matakala da bokitin ruwan zafi, ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta saurara. Daga sama Inna ke ƙwala mata kira, wai ruwan zai huce. Sai ta yi bismillah ta taka.