Kular Shinkafa a Bakin Fili

Ranar da ɗana zai buga wasansa na farko a filin jami'arsu, tun asuba na ɗora shinkafa. A Kano, idan makarantar unguwa za ta buga a gida, kowa fitowa yake, har mai rake. Shi ya sa na bi matanmu na Catford, unguwar da muke zaune a nan ƙasar Turawa, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ban taɓa fashin bikinsu ba. Kowacce ta ce, "In sha Allahu, Hajiya, da mu za a yi."

Bas biyu na hau da kula a hannu. A bakin fili na tarar da wani tsoho da karensa, sai 'yan mata biyu suna latsa waya cikin yayyafi. Ko ɗaya daga cikin matan ba ta leƙo ba.

Da yaron ya ci ƙwallo, na rangaɗa guɗa ni kaɗai. Karen ne kawai ya amsa.

Muna komawa gida ɗana ya karɓi kular, ko buɗe ta ba a yi ba, ya ce da Turanci kada in ƙara wahalar da kaina.

Washegari ɗaya daga cikin matan ta bugo waya. Wai akwai suna ranar Asabar, in taho da shinkafa.