Tafin Bayan Katako

Shekara ashirin da shida Malam Jan Biro ya yi yana koyar da lissafi a ajin ƙarshe na makarantar, mai tagar nan da ba ta rufuwa. Sunan bai faɗi ƙasa banza ba, don biro uku ne a aljihun rigarsa, kuma duk ja. In zai ba yaro sifili sai ya zana shi ƙato, ya ja masa layi biyu a ƙasa, wai kada ya gangara. Ajinsa tsit yake, ko ƙuda ya gifta sai an ji. A wurinsa wannan shi ne karatu.

A ba shi haƙƙinsa: bai taɓa makara ba, littafin yaro bai taɓa kwana a hannunsa ba a duba ba. Fara'a ce dai ba a raba da shi ba.

Ana nan yara suka yi yawa, aka tsaga ajin biyu da katako, aka kawo sabon malami ɗaya ɓangaren. Wa za a kawo? Tsohon ɗalibinsa, wani siririn yaro da ya sha sifili a hannunsa har ba iyaka. Kafin wata ya ƙare yara sun laƙaba masa Malam Ta-ina. Dalili kuwa, in yaro ya kawo amsa a karkace, ba ya cewa ya faɗi, sai ya miƙa masa alli ya ce, "Ta ina ka bi? Zo ka nuna mana." Yaro ya yi ta bin sawunsa a allo har ya iso inda ya zame, ya gano da kansa, sai aji ya kaure da tafi.

Tafin nan shi ya hana Jan Biro sakat. Katako ba ya riƙe sirri, komai a kunnensa ake yi. Ikon Allah, yau kuskure ake yi wa tafi! Shi da ya tsufa yana ba da amsa daidai, ko sannu ba a taɓa ce masa ba. Ya kai ƙara wurin hedimasta, ya ce aji ne ko kasuwa? Hedimasta ya yi murmushi ya ce, "Haba Malam, ai rainonka ne, abin alfaharinka." Wannan ya fi zagi ciwo. A gida ma bai tsira ba, yana ta mita matarsa ta ce, "Malam, an ce kishi kumallon mata, ashe har masu furfura a gemu yana taso musu." Ranar bai gama cin abincin rana ba.

Kishin kuwa gaskiya ne, ya sani, shi ya sa ya fi cin sa.

To, a bencin gaba na ajinsa akwai Auta, 'yarsa ta cikinsa. Tun farkon shekara bai ji ta buɗe baki a aji ba. In ya jefa mata tambaya sai ta dubi yatsunta. Wata Laraba da yamma yana zaune a tsakar gida yana duba littattafai, ta zo ta durƙusa ta ajiye takarda a gefen tabarma. Takardar neman canjin aji ce, hedimasta ya ce sai da sa hannun uba.

Ya karanta sau biyu. "Wurin wancan yaron za ki? Me ya sani wanda ba ni na koya masa ba?"

Auta ta dubi yatsunta.

"Da ke nake, Auta!"

Ta ce, "Baba, lokacin hutun ƙarfe tara nakan kai masa abin da na faɗi. Shi in na yi kuskure, tambayata yake ta ina na bi. Kai kuwa tambayata kake ko 'yar wane ce ni."

Sau nawa ya faɗi haka a gaban yara arba'in? "Ke 'yar malamin lissafi ce kuwa?" Shi a zatonsa zaburar da ita yake yi.

Da zai hana, ba mai ja da shi. Ya laluba aljihu ya zaro biro, ya ga ja ne, ya mayar. Ya ce, "Ara mini naki." Ya sa hannu da shuɗi.

Ran Litinin bencin gaba ya zauna da gurbi. Yana cikin rubuta tambaya ta uku a allo, sai ya ji ta bayan katako: "Ta ina kika bi?" Wata murya ta ɗauka, garau, tana bayani daki-daki, ta tsaya, ta ce, "Au! Nan ne, ban ɗauko ɗayan da na ajiye ba." Tafi ya tashi.

Allin ya tsaya a hannunsa. Ya san muryar, amma bai taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba. Zuciyarsa ta yi fari ta yi baƙi lokaci guda. Ya juyo ya dubi nasa yaran, talatin da tara, kowa ya sunkuyar da kai yana jiran sifilinsa.

Ya miƙa allin gaba, ya ce, "Wa zai zo?"

Ba wanda ya motsa.