Malama Mai Keke

A Sashen Zanen Gine-gine na jami'ar, idan ka ji ƙiii-ƙiii daga ƙarshen baranda, ba sai an faɗa maka ba, Malama Mai Keke ce tafe. Ba ita ke hawan keken ba. Ƙafafunta lafiya lau, har ta fi ɗalibanta sauri. Tura shi take yi: wani tsohon keken guragu mai baƙar kujera, wadda ta taɓa yagewa aka ɗinke da shuɗin zare. A kan kujerar take ɗora jakarta da tef ɗin awo da kwalin alli. Tayar hagu ce mai kukan. Ɗalibai sun sha kawo mata mai, ta ce a bar shi, shi ke yi mata sallama.

Shekararta goma sha tara tana koyarwa. Kowane malami a sashen da abin da yake bincike a kai. Wani yana nazarin dogayen benaye da yadda iska ke kaɗa su, wani gilashi da zafin rana, wata kuma tarihin tsofaffin birane. Suna zuwa taruka, suna dawowa da hotuna. Ita kuwa ƙofa take bincike. Faɗin ƙofa, ɓangaren da take buɗewa, tsayin mariƙinta, da kwanar da mutum zai sha kafin ya kai gare ta. Duk safiyar Asabar sai ta nufi wata makaranta ko asibiti ko tasha, ta gaida maigadi, ta nemi izini, ta durƙusa tana awo. Littattafan da ta cika da waɗannan alƙaluma sun kai talatin da ɗaya.

"Malama, wannan makon wane banɗaki ne ya yi baƙuwa?" in ji abokan aikinta a ɗakin malamai.

Murmushi kawai take yi, ta ci gaba da juya shayinta. Ba mai yawan magana ba ce.

A ɗakin zane ne bakinta ke buɗewa. Idan ɗalibi ya kawo zanensa, ba ta cewa ya yi ko bai yi ba. Sai ta sa a janye tebura, ta ba shi alli, ya zana gidan a ƙasa da girmansa na gaskiya. Kujeru su zama bango, ɗalibai biyu su tsaya su zama bakin ƙofa. Sannan ta sauke jakarta daga kan keken.

"Bismillah, maigida. Shiga gidanka."

"Malama, ai na bi abin da littafi ya ce."

"Littafin ne zai kwana a ciki? Hau."

Ya hau, ya murza taya, ya kai kwanar farko ya maƙale. Ya ja baya, ya daki kujera.

"Wayyo, ya rushe falo!" in ji wata daga baya.

"Ango, amarya tana ciki tana jira, kai kana waje!"

Sai dariya ta lafa Malama za ta ce, a hankali, "To yanzu ɗauka fitsari ne ya matse ka." Daga nan ba mai sake dariya.

Kaɗan ne suka san asalin keken. Na mahaifinta ne.

Baba tela ne. Da kekensa na ɗinki ya ɗauki nauyin karatunta, kuma a shagonsa ta fara riƙe tef. Yana da magana ɗaya da yake yi wa duk wanda ya aiko da yadi ba tare da ya zo an auna shi ba: "Ba a yanka yadi sai an ga mai riga." Da ta gama digirinta, aikin farko da ta yi shi ne zana wa iyayenta gida a ɗan filin da suke da shi. Filin ƙarami ne, sai ta matse hanyar da ke tsakanin ɗakuna don falo ya samu sarari, ta kuma sa wa banɗaki 'yar siririyar ƙofa a kwana. Gidan ya yi kyau. Malaminta, wanda yanzu kowa ke kira Farfesa, har ya sa ta kawo zanen ya nuna wa 'yan aji. Baba kuwa duk baƙon da ya zo sai ya zaga da shi: "'Yata ce ta zana. Ka ga wannan tagar?"

Shekara shida bayan haka ɓarin jikinsa ya shanye. Aka dawo da shi daga asibiti a kan keke, yana yi musu barkwanci da bakin da ya karkace: "Shekara arba'in ina tuƙa keke, yau ga keke yana tuƙa ni."

Keken ya shiga falo, ya shiga ɗakin kwana da ƙyar. Da aka zo banɗaki ya ƙi juyawa. Aka gwada ta gaba, aka gwada ta baya. Tana tsaye tana kallo. Aka kira magini, ya ƙwanƙwasa bangon ya ce ginshiƙi ne a wurin, in an taɓa shi rufin zai biyo baya. Shekara biyu da wata huɗu, yayanta ne ke ɗaukar Baba a hannu kamar jariri ya shigar da shi, mutumin da ko 'ya'yansa ba su taɓa ganinsa ba riga ba. Duk lokacin da za a ɗauke shi, rufe ido yake yi.

Sau ɗaya ta tattaro ƙarfin hali ta durƙusa gabansa. "Baba, ka yafe mini. Ni na yi kuskure."

Ya dube ta da idon nan nasa na tsokana. "Ke, rabu da ni. Rigar ta yi kyau. Ni na ƙara faɗi."

Shi ya ɗinke kujerar keken da hannunsa ɗaya mai lafiya, Umma na riƙe masa. Ɗinkin ya karkace, shi da bai taɓa karkata ɗinki ba. Bayan rasuwarsa Malama ta ɗauko keken ta kawo jami'a, ta kuma ajiye binciken da ta fara a kan rufin ɗakunan taro. Farfesa bai ji daɗi ba. Ya ce ya rene ta don ta gina abin da za a gani daga nesa, ta koma leƙen makewayi.

Sau biyu ta nemi ƙarin girma, sau biyu kwamiti ya mayar da takardunta, da sharhin cewa awon ƙofa aikin kafinta ne, ba binciken jami'a ba. Waɗanda ta koyar sun zo sun same ta, wasu har sun wuce ta. A shekarar da ake magana ta nema karo na uku, kuma Farfesa ne da kansa zai shugabanci kwamitin. Saura kwana tara a zauna.

A wannan makon ne ta bi ta wajen sabon ɗakin karatu da ake gina wa sashen. Farfesa ne ya zana shi, aikinsa na ƙarshe kafin ya yi ritaya, kuma har an yi maganar sa wa ginin sunansa. Bulo ya kai tsayin taga. Ta gaida babban magini, ta ce ko zai bar ta ta leƙa.

"Malama, ke da tef ɗinki ai ko masallaci ba ku bari. Shigo."

An yi wa ginin gangara ta masu keke, mai laushin hawa, da ɗan dandamali a sama inda mutum zai tsaya ya buɗe ƙofa. Ta auna gangarar, daidai. Ta auna dandamalin, daidai. Ta auna faɗin ƙofar, har da ƙari. Sai ta duba zanen da ke hannun maginin, ta ga 'yar bakan nan da ake zanawa don nuna inda ƙofa ke buɗewa. Waje take buɗewa, kan dandamalin. Kowane awo shi kaɗai daidai yake. Amma wanda ya hauro da keke, in ya ja ƙofar dole ya ja da baya ya ba ta hanya, kuma bayansa gangara ce.

"Yaushe za ku zuba siminti a nan?"

"Jibi, in Allah ya kai mu."

Da yamma ta biya ta gidan Umma, gidan nan dai. Ta same ta tana ninke wanki a falo. Ta zauna ta ɗauki zani ɗaya tana tayawa, ta ba ta labari tana kallon ƙasa.

"To ki faɗa masa mana," in ji Umma.

"Umma, ba a gyara wa Farfesa zane. Wanda ya taɓa gwadawa, sai da ya canja jami'a. In na bari kwamiti ya zauna tukuna..."

"Simintin zai jira kwamitin?"

"A'a."

"To." Umma ta karɓe zanin daga hannunta, ta sake ninke shi yadda take so. "Ni ban yi boko ba. Amma shekara biyu ina tsaye a bakin waccan ƙofar da buta a hannu. Kin fi ni sanin sauran."

Washegari da safe Farfesa ya zo duba aiki, da farar hular kwano a kansa da malamai uku a bayansa. Suna tsaye yana nuna musu inda hasken rana zai faɗo, sai ga ƙiii-ƙiii a kan tsakuwa. Malama ta rubuta jawabi a zuciyarta tun a hanya. Da ta iso gabansa jawabin ya gudu gaba ɗaya. Ta gaishe shi, ta sauke jakarta daga kan kujerar, ta ce abin da ta saba cewa.

"Ranka ya daɗe, bismillah. Shiga ɗakin karatunka."

Ɗaya daga cikin malaman ya shiga duba agogonsa. Babban magini ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Ni za ki mayar ɗan aji ɗaya?" in ji Farfesa. "Ni na koya miki riƙe fensir."

"Kai ne, ranka ya daɗe. Kai ka kuma yaba gidan da na zana wa Baba. A wannan keken ya kasa shiga banɗakinsa."

Bai taɓa jin wannan ba. Ya dubi keken, ya dubi shuɗin ɗinkin nan karkatacce, ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙa wa na kusa da shi takardunsa, ya tattare rigarsa, ya zauna.

An shimfiɗa katako a kan gangarar. Ya murza taya, yana nishi, ya ƙi a tura shi. Ya kai sama. Malama ta sa magini ya riƙe wani faffaɗan allo a matsayin ƙofa. Farfesa ya miƙa hannu ya ja, allon ya daki ƙafarsa. Ya ɗan ja baya don ya ba shi hanya, tayoyin baya suka sauka daga dandamalin, keken ya kama hanyar ƙasa da shi. Hular kwano ta yi nata wuri. Malama tana bayansa tun farko, hannayenta a buɗe, ta tare shi da ƙirjinta.

Ba wanda ya yi dariya. Farfesa ya tashi, ya karkaɗe rigarsa, fuskar nan kamar hadari. Bai dube ta ba. Ya miƙa hannu kawai.

"Alli."

Ta ba shi. Ya durƙusa da gwiwoyinsa na ɗan shekara sittin da tara, ya ja layi a ƙasa, ya ƙara wa dandamalin tsawo, ya matsar da ƙofar gefe. Ya ce wa magini kada a zuba komai sai sabon zane ya zo. Ya ɗauki hularsa ya tafi, ko sallama babu.

Kwana bakwai bai amsa gaisuwarta da fiye da ɗaga kai ba. Ta riga ta sallama ƙarin girman. Ta ci gaba da shiga aji, ta je awonta na Asabar. Ana gobe kwamiti zai zauna Farfesa ya tsaya a ƙofar ofishinta, bai shigo ba.

"Littattafan nan naki, nawa ne?"

"Talatin da ɗaya, ranka ya daɗe."

"Ki loda su a motar nan taki mai kuka ki kawo ɗakin taro gobe. Motar ma ki bar mana ita. Akwai mutum huɗu da nake so su hau."

Abin da ya faru a ɗakin ba ta gani ba. Masinjan sashen dai ya ce ya ji ƙiii-ƙiii har kusan awa guda, da ƙarar wani abu da ya daki tebur, da muryar Farfesa yana cewa, "A'a, Dakta, koma ka sake, ai aikin kafinta ne."

Takardar ƙarin girman ta fito bayan wata biyu. Ta kai wa Umma ita a cikin ambulan ɗinta, ta karanta mata, ta fassara. Umma ta saurara har ƙarshe, ta yi hamdala, ta shafa takardar. Sannan ta ce, "Ita ƙofar fa, an gyara?"

"An gyara, Umma."

"To madalla. Tashi ki zuba abinci."

Ran Litinin, ƙarfe takwas saura, aka ji ƙiii-ƙiii daga ƙarshen baranda. 'Yan aji ɗaya, sababbin zuwa, suka leƙo suna tambayar juna wace ce wannan. Wata 'yar aji huɗu da ke wucewa ta ce musu, "Ku dai fara janye tebura."